Ranar da na kira 'yan kwana-kwana saboda tururi

Asubahin wata rana ce cikin Disambar 2022, satin nan da aka yi sanyin da hatta Turawan da aka haifa a cikinsa suna ta mita, har a wani gari can Sikotilan aka auna digiri 17 ƙasa da sifili. Na taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ƙafata kamar ba a jikina take ba, ina shigowa ta ƙofar baya sai na hangi farin hayaƙi yana tashi daga akwatin nan da ke jingine da bangon gidanmu, fankarsa ta tsaya cak, yana wani huci, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashinsa. Wallahi ban tsaya tunanin komai ba, abin da ya faɗo mini a rai kawai gobarar da ta taɓa cin ɗakin maƙwabcinmu a Tudun Wada Zariya sanadin wayar esi. Na finciki jan makunnin da ke gefensa na kashe, na buga 999, na haura sama ina "Maman Khalifa tashi, kwaso yara!" muka fito tsakar titi, yara da kayan barci an naɗe su cikin bargo.

Minti goma ba a yi ba motar kwana-kwana ta iso, maƙwabta duk sun ɗage labule. Babbansu ya zagaya baya da tocila, ya sa hannu ya taɓa akwatin, ya sunsuna, ya dawo ya ce mini cikin ladabi ba hayaƙi ba ne, tururi ne, injin yana narkar da ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa ne kuma haka aka ƙera shi. Ya ce na yi daidai da na kira tunda ban sani ba. Amma ni dai na ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba, magidanci da iyalinsa a titi cikin sanyin asuba, ƙaramar tana kuka, kuma duk a kan abin da ɗan firamare na unguwar ya sani.

Bari in faɗa muku mene ne wannan akwati. Ƙauyen da muke zaune a wajen Durham ne, arewa maso gabashin Ingila, layinmu babu bututun gas ɗin da ake ɗuma gida da shi, don haka masu gidan suka saka abin da sunansa a turance ke nufin famfon zafi. In ka gan shi ba za ka ce ba kan esi na waje ba ne, sai dai ya fi girma, kuma gaskiyar magana esi ɗin ne aka juya masa baya. Namu na gida yana kwashe zafin ɗaki ya watsar waje, wannan kuma yana tsinto zafi daga iskar waje ya shigo da shi ciki. Na san za a ce wane zafi ne a iskar da ruwa ke daskarewa a cikinta, ni ma haka na ce. Ashe gas ɗin da ke cikinsa ya fi iskar sanyi nesa ba kusa ba, to sai ya zuƙi ɗan ɗumin da ke cikinta, kwamfuresa ta matse shi ya ɗau zafi, zafin ya shiga ruwan da ke zagaya bututu zuwa lagireton da ke manne a bangon kowane ɗaki. Ka taɓa sa hannu a bayan firij ka ji ɗumi? To shi ke nan. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta yake ba ka ɗumin wajen yunit uku, alhali hitar da ake jonawa a soket yunit ɗaya ta ci ɗaya za ta ba ka.

Duk wannan daga baya na sani. Mun tare a gidan cikin Oktoba, aka miƙo mini makulli da wani littafi mai kauri, littafin na jefa shi a durowa. Na riƙa yi masa irin riƙon da muka saba yi wa esi, in mun ji sanyi in murɗa shi zuwa 28, bayan awa biyu in taɓa lagireto in ji shi ɗumi-ɗumi kamar shayin da aka manta da shi, in yi tsaki in ce wannan abu lalatacce ne, da dare kuwa kashe shi nake ɗungurungum, don mu an raine mu a kan ba a barin abin wuta a kunne a kwanta, in ba tsoron kuɗi ba to tsoron a dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone kaya. Gida ya ƙi ɗumi. Na je na sayo hita biyu na jona, ɗan allon mita da ke kicin ya koma ja, lokacin kuma farashin wuta ya yi tashin gwauron zabo bayan yaƙin Rasha da Yukren, har gwamnati tana rage wa kowane gida fam 400 a rarrabe cikin wata shida amma ko gezau. Tagogi suka riƙa zufa, baƙar fumfuna ta fara fitowa a kusurwar ɗakin yara bayan gado, ga shi a watan Nuwamban nan aka yi ta maganar wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale, iyayensa daga Sudan, da fumfunar gida ta yi ajalinsa. Maman Khalifa kullum sai ta ce "Abban Khalifa anya gidan nan lafiya?" ni kuma ina ta zagin injin.

Bayan tafiyar 'yan kwana-kwana ban kunna shi ba, tsoro bai sake ni ba. Na kira masu gidan suka ce za a turo injiniya bayan kwana biyu. Kwana biyun nan a falo muka yi su gaba ɗayanmu, kowa da hula da safa, alwala da ruwan buta da aka dafa.

Wanda ya zo wani dattijo ne mai furfura, a bakin ƙofa ya ciro wata shuɗiyar leda ya sa wa takalminsa ba tare da na ce masa komai ba, saboda ya ga namu takalman a jere a waje. Da ya ga jan makunnin a kashe sai ya yi shiru, ya durƙusa ya haska bututun da suka fito daga bango. Ya ce Allah ya taimake ni an zuba maganin hana daskarewa a ruwan, ba don haka ba da ruwan ya zama ƙanƙara ya fasa cikin injin, kuɗin gyaran kuma sai ya fi albashina na wata. Ya ce wannan makunnin na masu gyara ne, a lokacin sanyi ba a taɓa shi, don ko injin yana hutawa yakan juya ruwa a hankali kada ya daskare.

Mutumin nan ya yi awa ɗaya da rabi a gidana, gyaran kuwa babu abin da ya lalace. Zama ya yi yana koya mini kamar ɗalibi. Ya ce injin ɗuma gida mai ƙona gas da aka saba da shi yana tura ruwa mai zafin digiri 60 ko 70, shi ya sa lagireto ke ƙuna kuma ɗaki ke ɗumi nan da nan, wannan kuwa 35 zuwa 45 yake so, a hankali yake aiki kamar mai dafa ganda, in ka kashe shi bango da ƙasa su huce to sai ya kwana ya wuni yana fama kafin ya dawo da su, kuma a wannan faman ne yake shan wuta. Ya saita ɗan agogon ɗumi da ke bango a digiri 20, da dare ya sauka 18, ya ce in cire hannuna. Ya nuna mini malejin ƙarfin ruwa da ke kusa da tankin ruwan zafi, allura ta zauna tsakanin 1 da 1.5, in ta faɗi ga yadda ake ƙara ruwa. Ya kwance wata matata mai maganaɗisu ya nuna mini baƙin dattin ƙarfe da ta tara, kamar bulan kwalli, ya wanke ya mayar. Ya ce sau ɗaya a sati zan ga mita ta ɗan zabura, tankin ne yake kai ruwa digiri 60 don kashe wata ƙwayar cuta mai kama huhu da ke son kwantaccen ruwan ɗumi, kada in ce wani abu ya lalace. Sai muka fita waje ya ga na jingina kekunan yara da kwandon shara a gaban fankar, na kuma yafa masa tsohon bargo a sama don kada dusar ƙanƙara ta taɓa shi. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya ce iska ce abincinsa, ganye da shara kawai zan riƙa sharewa a bayansa. Tururin da ya firgita ni ma ya bayyana shi, wai in ana sanyi mai laima raɓa tana daskarewa a kan siraran ƙarafan baya, sai injin ya juya aikinsa na 'yan mintuna ya narkar da ita, a rana yana iya yi sau da yawa.

Sai na yi masa tambayar da duk Bahaushe mai esi zai yi, na ce to yaushe za a ƙara masa gas? Ya dube ni da mamaki ya ce gas ai ba ya ƙarewa, ba fetur ba ne, a rufe yake yana zagaye, in ya ragu to akwai inda yake yoyo, sai a nemo wurin a toshe, kuma a ƙasar nan ba kowa doka ta yarda ya taɓa irin wannan gas ba sai mai takardar shaida.

Wannan maganar ita ta fi tsaya mini a rai fiye da kunyar titi. Shekara nawa muka yi a gidanmu, duk bazara in zafin Maris ya kunno kai sai a kira mai esi, ya zo da tukunyarsa a bayan mashin, ya ce "Alhaji gas ya ƙare", Baba Allah ya jiƙansa ya biya, baɗi ma haka. Ba wanda ya taɓa cewa a kawo ruwan sabulu a shafa a mahaɗar bututu a ga inda yake kumfa. Kuma ba zan ɗora wa mai gyara laifin shi kaɗai ba, mu ma ba ma son jin an ce a kwance a yi walda a biya kuɗin aiki, mun fi son a cika mana yau sanyi ya fito, gobe Allah ya kai mu. Ragar esi kuwa duk ƙurar hunturu a cikinta take kwana, ni ban taɓa ganin an cire an wanke ba sai ya fara zubar da ruwa a kan kafet, aikin da bai fi minti biyar da bokitin ruwa ba. Sabis a wurinmu sai abu ya mutu. Mota haka, janareta haka, famfon burtsatse na unguwa haka, a yi bikin buɗewa a watse, shekara biyu ya zama wurin ɗaure awaki. Abin yana ci mini rai saboda kuɗin talaka ne ke tafiya a banza.

Amma kada ku ɗauka nan aljanna ce. A sanyin bara wani allo a cikin injin ya ƙone, kwana tara muna jiran a kawo sabo, don a nan ba a gyara allo, cirewa ake a jefar. Kwana taran nan ba wanda nake tunawa sai yaran nan na Sabon Gari masu zama da ƙarfen walda da tabarau, da tuni wani ya gano ɗan abin da ya ƙone ya canza shi kafin la'asar, ku yi ciniki, ya ce ka kawo abin da ya sawwaƙa. A nan abokin aikina da ya sayi gidansa, kafin injiniya ya taka ƙofarsa ma sai ya biya kuɗin zuwa, ko da kallon injin kawai zai yi. Ga wutar lantarki a Ingila yunit ɗinta ya kusa ninka na gas sau huɗu, don haka duk ƙoƙarin injin in an saka shi ba daidai ba ko gidan yana shan iska, ba wata riba za ka gani ba. Gwamnati tana ba masu gida tallafin fam 7,500 tun Oktoban 2023 don su saka, duk da haka Turawa da yawa suna ɗari-ɗari da shi, alhali a Nowe da Suwidin da Finlan inda sanyi ya fi nan tsanani ya daɗe da zama ruwan dare. Mu dai tun da na bar shi a kunne na kwashe hitocin nan na kai ɗakin ajiya, kuɗin wutarmu ya sauka sosai, fumfunar ta tafi bayan mun goge, yara suna yawo a gida ba safa.

Ɗumin nasa ne dai har yau ban saba da shi ba, ko'ina ɗaya, ba inda za ka matsa ka miƙa hannu. Wani lokacin in na dawo da asuba nakan tsaya jikin lagireto in tuna kaskon wutar Hajiya a zaure lokacin hunturu, mu zagaye shi muna jiran koko da ƙosai, gabanka na ƙuna bayanka na rawar ɗari. Sai kuma in tuna duk shekara sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da garwashi suka rufe ƙofa da taga ba su farka ba, don Allah a daina, ko a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Dattijon nan yana zuwa duk Satumba ya yi sabis, ya rubuta a littafin nan da na taɓa jefawa durowa, yanzu yana rataye jikin tankin. Satin jiya na kira Yaya Sani na ce esi ɗin ɗakin Hajiya kada a sake cika masa gas sai an nemo yoyon, kuɗin waldar ni zan turo, a kuma sa Ummi ta riƙa cire ragar tana wankewa duk sati biyu. Ya ce mai gyaran ya ce zai zo ranar Asabar da ruwan sabulunsa.