Manhajar ces ta kuɗi da ke cewa kai da ita za ku doke inji

Wata manhajar wasan ces ce (chess, darar Turawa), wadda masu loda wa mutane abubuwa a waya ke tallatawa wajen Ƙofar Ƙaura, sai an biya kuɗi. Alƙawarinta shi ne ɗan koyo in ya haɗa kai da ita zai ci inji mai wasa shi kaɗai. Cikinta kuwa Stockfish ne, injin wasan ces wanda kyauta yake ga kowa. Riga kawai aka sa masa.

Zancen ba daga sama ya faɗo ba. A 1998, shekara guda bayan kwamfutar Deep Blue ta doke shi, gwanin ces Kasparov ya kara da wani gwanin, Topalov, a León ta ƙasar Sifen, kowa da kwamfutarsa a gefe. A 2005 kuma wasu 'yan koyo biyu a Amurka, Steven Cramton da Zackary Stephen, da kwamfutocin gida uku, suka cinye gasar intanet da manyan gwanaye suka shiga, har da injin Hydra. Amma injinan lokacin haɗama gare su, sai su hango soja na banza su bar sarki a fili, mutum ya tsawatar musu. Tun 2020 da aka sake wa Stockfish tsarin auna wasa, wannan ƙofa kusan ta rufe.

Na gwada ta da Stockfish tsura a kan kwamfuta, minti ɗaya kowane motsi. A motsi na 23 ta ba ni zaɓi uku: tura soja +0.4, tsallen doki +0.3 (lambar na nuna rinjayena, in ta koma ƙasa da sifili ni ke baya), na ukun bai kai a duba ba. Na ɗauki doki don ya fi kyau a ido. Ashe wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, ga ranar Afrilu, ta rage wa kanta gudu, lissafin ya tsaya a zurfi na 16 maimakon 24 da take kaiwa da farko, wato nisan da injin ke hangowa gaba ya ragu. Motsi huɗu a gaba lambar ta koma -2.1, dokin ya maƙale a gefen allo ba hanyar dawowa. Neman zaɓi uku a lokaci ɗaya ma kansa yana raba wa inji ƙarfi, abin da masu tallar ba sa faɗa.

A yi mata adalci, ni na zaɓi dokin. Kuma wajen bita bayan wasa ba ta da laifi, tana nuna inda ka yi ɓarna da ja, ɗalibi zai ƙaru.

Sai dai abin haushi, lambar zurfin nan a ɓoye take, sai ka shiga saiti ka tono ta. Babu inda za ka ƙara mata ma'ajin lissafi ko ka faɗa mata nawa daga ƙwaƙwalen wayar za ta yi aiki da su, abin da manhajojin kyauta da yawa ke bari. Babu jadawalin ƙarshen wasa, wanda ya warware duk matsayin da 'ya'ya bakwai ko ƙasa suka rage. Me na saya ke nan?

Inda hannun mutum ke da sauran amfani shi ne wasan wasiƙa na ICCF, ƙungiyar duniya ta masu wasan ces daga nesa, inda aka yarda da inji, ana ba da kwanaki kafin motsi, mutum ya zaɓi mabuɗin wasa ya bar kwamfuta ta kwana tana lissafi. Can ɗin ma yawanci canjaras ake tashi. In dai dole sai ka gwada da waya, ka cire wa wayar riga, ka ajiye ta gaban fanka, ka bar injin ya nemi zaɓi ɗaya tak.