Sharhi kan littafin yara mai labarin abotar 'yar ruwa da 'yar masunci

Littafin da nake sharhi a kansa ƙagaggen labari ne mai hotuna masu launi, wanda aka tsara domin yara 'yan shekara 7 zuwa 10, kuma jigonsa shi ne abota tsakanin wata yarinya 'yar masunci da wata 'yar ruwa, wato halittar nan ta tatsuniya da samanta mutum ne, ƙasanta kuma wutsiyar kifi. Bango mai kauri ne da shi, babinsa gajeru ne, yadda mai karanta wa yara da dare zai iya kammala babi ɗaya kafin barci ya kwashe su. Na same shi littafi mai kyau ƙwarai, ko da yake yana da rauni a wurare biyu ko uku da ya kamata iyaye su sani kafin su saya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin ya ƙi bin tsohuwar hanyar da labaran 'yan ruwa suka saba bi. Tun daga tatsuniyar da marubucin ƙasar Denmark, Hans Christian Andersen, ya wallafa a shekarar 1837, inda 'yar ruwa ta sadaukar da muryarta domin ta sami ƙafafu ta bi ɗan sarkin da take so, yawancin labaran da suka biyo baya suna ɗauka cewa dole ne ɗaya ya bar duniyarsa kafin a zauna tare. A wannan littafi babu wadda ta sauya halittarta. 'Yar masunci ba ta iya numfashi a cikin ruwa har ƙarshen labarin, 'yar ruwa kuma ba ta iya daɗewa a tudu domin fatarta tana bushewa, saboda haka abotarsu ta rataya ne a kan wani dutse guda da ke bayyana idan teku ya janye, ya kuma nutse idan teku ya cika.

Wannan dutse shi ne ƙashin bayan labarin, kuma a nan ne gwanintar marubucin ta fito fili. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika ya janye sau biyu a rana saboda jan da wata yake yi masa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kowace rana. Marubucin ya ɗauki wannan gaskiya ya gina matsalar labarin a kanta: lokacin haɗuwar ƙawayen yana ta matsawa, yau da hantsi, bayan 'yan kwanaki da tsakar rana, har ya faɗa a lokacin makaranta, sai 'yar ruwa ta zo ta jira ba ta ga kowa ba. Ita ba ta san mene ne makaranta ba, ƙawarta kuma ba ta taɓa tunanin cewa akwai wanda bai san da ita ba, sai kowacce ta ɗauka an yi watsi da ita. Yaro mai shekara 8 ya san wannan ciwo sarai, domin ya taɓa jiran abokin da bai zo ba, kuma ya taɓa yanke hukunci kafin ya ji uzuri.

Babin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne wanda 'yar masunci ta tona asirin ƙawarta ga 'yan ajinsu domin su daina raina ta. Marubucin bai mai da ita muguwa ba, bai kuma wanke ta ba. Ya nuna daɗin da ta ji a lokacin da kowa ya kewaye ta yana saurare, sannan ya nuna dutsen cike da yara masu ihu da jifa a washegari, ruwan kuma shiru, babu ko motsi. Neman gafarar da ya biyo baya ya ɗauki babi biyu, kuma 'yar ruwa ba ta yafe nan take ba, sai da ta faɗi ɓacin ranta dalla-dalla. Ina ganin wannan jinkiri shi ne mafi amfani a littafin, domin littattafan yara da yawa suna gaggauta sulhu kamar ɓacin rai abin kunya ne da ya kamata a ɓoye.

Hotunan sun cancanci yabo na musamman. Mai zanen ya san cewa hasken rana ba ya wuce kimanin mita 200 a cikin teku da ƙarfin kirki, kuma jan launi ne yake fara ɓacewa idan aka nutsa, don haka jan ƙyallen da 'yar masunci ta ba ƙawarta yana dusashewa shafi bayan shafi yayin da ake gangarawa, har ya koma kusan baƙi a gidan 'yan ruwa. Ba a bayyana dalilin a rubuce ba, amma yaro mai lura zai tambaya, kuma tambayar tana da amsa ta gaskiya. Akwai kuma shafin da ƙawayen suka haɗa hannu suka kwance kunkurun teku daga tsohon tarun da aka yar, ɗaya tana yanka igiya daga sama, ɗaya tana riƙe da shi daga ƙasa don kada ya nutse, tun da kunkuru iska yake shaƙa. A shafukan ƙarshe an ƙara ɗan bayani kan asalin tatsuniyar, har da labarin matuƙin jirgin ruwan nan Christopher Columbus, wanda a shekarar 1493 ya rubuta cewa ya ga 'yan ruwa kusa da tsibirin Hispaniola da ke yankin tekun Caribbean, alhali masana suna ganin ayu ne ya gani.

Raunin labarin yana kusa da ƙarshe. Bayan duk wannan natsuwa, sai ga guguwa, sai ga wata muguwar sarauniyar ƙarƙashin teku da ba a taɓa ambata ba, sai ga lu'ulu'un sihiri da ya warware komai a cikin 'yan shafuka. Labarin bai buƙaci wannan ba ko kaɗan, kuma ya rage darajar abin da ƙawayen suka gina da haƙurinsu. Ta fuskar bugu ma akwai gyara: an buga farin rubutu a kan shuɗi mai duhu a shafukan ƙarƙashin teku, wanda ke wahalar da ido idan haske bai wadata ba, ƙyalƙyalin da aka manna a bango kuma yana zuba ya maƙale a yatsu. Takardar dai tana da kauri, ɗinkin kuma ya jure yawan buɗewa.

Abu na ƙarshe ya fi waɗannan muhimmanci a wurina. Jarumar labarin tana zuwa bakin teku ita kaɗai a ɓoye, kuma littafin bai taɓa nuna haɗarin hakan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa nutsewa a ruwa cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, yara kuma suna kwaikwayon jarumar da suke ƙauna. Don haka shawarata ita ce babba ya karanta shi tare da yaran da ba su kai shekara 9 ba, ya tsaya a waɗannan shafuka ya yi musu magana a kan zuwa ruwa ba tare da babba ba. Waɗanda suka girmi haka za su iya karanta shi da kansu, bayan an yi musu wannan magana tun a babin farko.