Littafin gyaran doka da ya kusa watsa mana majalisa

Tauraro biyu na ba wannan ɗan littafin gyaran dokar wasa da na saya, shi ma na biyun albarkacin shafi ɗaya ne ya ci, zan zo kanshi.

Mu shida ne muke buga Dungeons & Dragons, wasan tatsuniya da ake yi da dayis kowa da jarumin da yake takawa, duk Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu can wajen Ƙofar Kaura, ni ke jan labarin. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana, da zai tafi ya bar mana dayis ɗinshi da tsohon littafin 'yan wasa na bugu na biyar, na 2014, duk bakinshi ya naɗe. Shekara biyu muna lallaɓawa da shi lafiya lau sai da ƙanena ya tsiro da haɗin gambiza, wato aji biyu a jikin mutum ɗaya, wizad (mai sihirin karatu) mataki 4 ya ɗora kilerik (mai sihirin ibada da warkarwa) mataki 1 a kai. Tunda yana da 13 a basira da 13 a hikima doka ta yarda mashi, ban hana ba.

Wanda ya san wasan ya san inda rigimar take. Gurbin sihiri, wato damar da kake ƙonawa duk sanda ka jefa sihiri, matakan ajin ake haɗawa a lissafa shi, 4 da 1 ya zama 5, sai ka duba jadawali ka ga kana da gurbi 4 na matakin farko, 3 na biyu, 2 na uku. Amma sihirin da za ka iya shiryawa kowane aji da nashi lissafin, wizad 4 bai wuce na mataki biyu ba, kilerik 1 kuwa na farko kawai. Kenan ga gurbi biyu na mataki uku a takardarka amma babu sihirin mataki uku ko ɗaya, sai dai ka cusa ƙaramin sihiri ciki ya ɗan ƙara ƙarfi, kamar sihirin kibiyoyin da ba su kuskure su tashi daga 3 su koma 5. Kullum yaron nan cikin mita yake, Yaya wannan ai an ba ka ƙwarya ne babu fura. Har ya ishe ni.

To shi ne na ga tallan wannan ɗan littafin a intanet, wai ya daidaita dokar haɗa aji ga masu sihiri, kowa zai ji daɗi babu wanda za a cuta. Da dala ake biya, sai da na roƙi wani ya biya da katinshi na tura mashi naira. Na kai bizines santa aka buga mani aka yi bayindin, zanen ciki masha Allah, ba ƙarya.

Babbar dokarshi ita ce duk gurbin da kake da shi, kana iya shirya sihirin matakin daga kowane ajinka. Da na karanta wallahi sai na ji ta kwanta mani, na ce shikenan an kashe bakin mita. Ban zauna na yi lissafi ba, wannan kam laifina ne, amma ai shi wanda ya karɓi kuɗin mutane shi ya fi cancanta ya yi lissafin.

Ranar da muka gwada, sati biyu na yi ina shirya faɗan. Wata tsohuwar hasumiya ce da na zana ina hango Gobarau a raina, 'yan fashi goma sha biyu a ƙasa, ubangidansu a sama. Zagayen farko ƙanena ya jefa ƙwallon wuta, dayis takwas masu fuska shida, ya tara su a tafin hannu ya watsa kan tabarma, rabin mutanena suka tafi. To wannan ba komi, abokina mai gyaran waya shi ma wizad ne zalla mataki 5, yana da ita. Zagaye na biyu ne ido ya raina fata. Yaron ya kunna ruhohin tsaro na kilerik, wanda ke cin duk maƙiyin da ke cikin ƙafa 15 kewaye da kai da dayis uku masu fuska takwas, sihirin da a ƙa'ida sai ka kai kilerik mataki 5 kake taɓa shi, shi kuwa da mataki 1 tal. Ga shi sanye da sulke da garkuwa da ajin ya ba shi, kariyarshi 18, wato lambar da sai maƙiyi ya kai kafin ya same shi, ya kutsa tsakiyar 'yan fashin yana tafe suna zubewa. Shi kuma mai gyaran waya kariyarshi 15 ce, ita ɗin ma sai da ya ƙona gurbi ɗaya da safe ya same ta, kibiya biyu suka kwantar da shi.

Ana cikin haka Kawu ya shigo zai wuce cikin gida, ya tsaya ya dubi dayis ɗin ya ce ku caca kuke mani a zaure? Na ce a'a Kawu, tatsuniya ce da lissafi, ko sisi babu a ciki. Ya girgiza kai ya wuce. Da ya ƙara minti ɗaya da ya ga abin da ya fi caca zafi, don ƙanena ne ya tashi abokin nawa da kalmar warkarwa, yana dariya yana cewa tashi Malam na yafe maka kuɗin magani. Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya aje biro ya jawo takardun su biyu ya jera, ya ce mani Malam duba da kanka, me nake da shi wanda ba ya da shi? Muka duba. Gurbi iri ɗaya, ƙwallon wuta iri ɗaya, ƙarin maki na mataki 4 duk sun samu. Abin da ya fi shi kawai, in an ɗan huta shi yana maido gurbi na jimillar mataki 3, yaron na jimillar 2. Shikenan. A madadin wannan ɗayan yaron ya kwashi sulke, garkuwa, warkarwa da jerin sihirin kilerik gaba ɗaya yana zaɓa. Ya ce to ni me na ci da haƙurin zama aji ɗaya? Na rasa ta cewa. Sai a lokacin na gane gurbin nan da babu komi a ciki shi ne kuɗin da mai gambiza ke biya, ba mantuwa masu wasan suka yi ba, littafin nan ya zo ya yafe kuɗin. Garin neman gira muka rasa ido.

Amma kar in zama marar adalci, shafin wolok ya yi. Wolok wani ajin masu sihiri ne, shi gurabenshi daban suke, ba a haɗa su da jadawalin, kuma hutun awa ɗaya ke maido su. Masu wayo sai su haɗa shi da sosara, ajin da ke iya juya gurbi ya zama maki, su narka guraben su zama maki, makin su mai da shi sabon gurbi, su sake hutawa, haka haka har su tara abin da ba ya ƙarewa. Akwai wani a majalisarmu da ya daɗe yana lasar baki kan wannan dabarar. Littafin ya ce gurbin wolok ba ya narkewa fiye da sau ɗaya kafin dogon hutu, layi biyu kacal, ya toshe ramin ba tare da ya kashe ajin ba. Da na sake karanta shi daren nan har na ce ko dai na yi saurin fushi ne, in na cire doka ɗaya sauran sai a yi amfani da su, in ba shi tauraro uku ma.

Sati na zagayowa ya sake ɓata mani rai. Mai faladin 3 da sosara 2 ya zo lissafin gurbi, shi faladin mayaƙi ne da ake ƙirga rabin matakinshi kawai, a dokar 2014 rabin faladin ƙasa ake yanke shi, 1 da 2 ya zama 3, a sabon gyaran 2024 kuwa sama ake cikawa, 2 da 2 ya zama 4. Misalin da ke gaban littafin ya yanke ƙasa, jadawalin baya ya cika sama, kuma ko'ina bai faɗi don wane bugu aka rubuta shi ba. Har aka kira magariba muna gardama, dayis ko ɗaya ba a jefa ba, shayin ma ya huce. Na tura ma mai shi saƙo da ladabi har sau biyu, na nuna mashi shafukan, yau kwana goma sha ɗaya ko gaisuwa bai amsa ba.

Mai gyaran waya Asabar biyu bai zo ba, wai aiki ya yi yawa a shago, ni na san ba aiki ba ne. Sai da na bi shi har kasuwa na ce mun koma tsohuwar doka sannan ya ce zai duba. Ƙanena kuma yanzu shi ke fushi an ƙwace mashi ruhohinshi. Shafin wolok na yage na soke shi cikin tsohon littafinmu, sauran kuma jiya na ga an ɗora butar shayi a kai.