Dashen ƙoda a Indiya: inda dillalan tafiya suka iya aiki, da inda suke yin shiru

A Damagaram, majinyaci ba ya daɗewa kan injin wankin ƙoda kafin wani ya miƙo wa danginsa lambar "mai kai mutane Indiya". Yawancin waɗannan dillalai a Yamai suke ko Kano, wasu kuma ɗalibai ne da suka gama karatu can suka zauna, kuma kusan duk cinikin ta WhatsApp ake ƙulla shi. Wannan sharhi kan hidimar ne baki ɗaya.

Ta fannin zirga-zirga sun iya aikinsu. Ka tura sakamakon gwaje-gwaje, cikin 'yan kwanaki su karɓo maka amsar likita da takardar gayyata daga asibiti, wadda da ita ake neman bizar jinya a ofishin jakadancin Indiya da ke Yamai. Ana ba masu rakiya biza har mutum biyu. Suna tarbar mutum a filin jirgi, su sama masa masauki mai ɗakin girki kusa da asibiti, su haɗa shi da tafinta. Ga wanda Hausa da Faransanci kaɗai yake ji, tafintan nan shi ne rabin hidimar. Na kirkinsu kan tuna maka katin rigakafin shawara, wanda sai ya kwana 10 da yi yake aiki, domin in babu shi ana iya killace matafiyi har kwana 6 da saukarsa, abin da mai wankin ƙoda ba zai jure ba. Kuɗinsu galibi asibiti ke biya a matsayin la'ada, shi ya sa kowane dillali asibitinsa ne "na ɗaya a Indiya". Ka nemi farashi daga asibiti biyu ko uku da kanka, a rubuce.

Matsalar tana farawa ne daga wata magana da ta yaɗu a bakin mutane, wasu dillalan kuma ba sa ƙaryata ta: wai tunda Hindu ƙona gawa suke yi, ba su damu da sassan jikin mamaci ba, don haka ƙoda tana nan birjik, kuɗi kawai za ka riƙo. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma akwai masu sayar da gona ko garke a kansa.

Gaskiya ne addinin Hindu bai hana kyautar sashen jiki ba. A wurinsu rai yana barin jiki ya shiga wani, kamar mai sauya tufa, kuma kyauta, wadda suke kira dana, babbar ibada ce. Masu wayar da kai a asibitoci kan kawo labarin wani waliyyinsu mai suna Dadhichi, wanda ya ba da ƙasusuwansa aka ƙera makami da su. Amma jana'izarsu, wato antyeshti, tana da tsari mai tsauri, kuma gawa na da daraja a cikinsa. Ana so a ƙona mamaci cikin yini guda. A wanke shi, a sa masa ruwan kogin Ganga da ganyen tulsi a baki, a naɗe shi da farin ƙyalle, matar da ta mutu ta bar mijinta da rai kuwa sau da yawa da ja. A ɗauke shi kan makarar gora zuwa wurin ƙonawa, kamar Nigambodh Ghat a bakin kogin Yamuna a Delhi, ko Manikarnika a Baranasi. Itacen da ake ƙonawa yakan kai kilo 300 zuwa 400, ana zuba man shanu, babban ɗa namiji ne ke kunna wutar. Birane suna da wuraren ƙonawa na lantarki da na gas, masu sauƙin kuɗi. Bayan kwana ɗaya zuwa uku a kwashe toka da ragowar ƙashi a kai kogi, a garin Haridwar ko Prayagraj na bakin Ganga ga mai hali. Zaman makoki a arewacin ƙasar kwana 13 ne, ana miƙa dunƙulen shinkafa don mamacin. Jarirai da manyan masu zuhudu binne su ake yi, haka ma mabiya ɗarikar Lingayat na kudancin ƙasar.

To a cikin wannan hali ne jami'in asibiti zai zo wa dangi da roƙo. Ƙodar mamaci ana ɗaukarta ne galibi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali zuciya na bugawa da taimakon na'urar numfashi. Dokar Indiya ta ce likitoci huɗu ne za su tabbatar, a yi gwajin sau biyu da tazarar awa 6. Sai aikin cirewa, in haɗarin mota ne kuma ga binciken gawa na 'yan sanda. Dangin da ke son kai mamacinsu wuta kafin rana ta faɗi, an ce su jira har gobe, ga shi jikin da ɗumi, ƙirji na motsi. Wasu na tsoron za a sake haihuwarsa babu wannan sashen, ko da yake malamansu da dama sun ce wannan camfi ne. Wasu dangin kuma asibitin ne ba su amince da shi ba, suna zargin sayarwa za a yi. Shi ya sa kyautar ido ta fi karɓuwa: ana ɗaukar fatar baƙin ido cikin awa 6 da mutuwa, ko a gida ne, cikin ɗan lokaci, ba ta jinkirta jana'iza.

Sakamakon haka, masu ba da sassan jiki bayan mutuwa a Indiya ba su kai mutum ɗaya cikin miliyan ba, alhali a Sifaniya sun haura 40. A 2023 ne karon farko adadinsu ya wuce 1,000 a shekara, a ƙasar da ta haura mutum biliyan ɗaya da miliyan 400. Jihar Tamil Nadu ma a wannan shekarar ta fara yi wa masu bayarwa jana'izar girmamawa ta gwamnati don ƙarfafa gwiwa. Ɗan abin da aka samu kuma layi gare shi, ƙarƙashin NOTTO, hukumar ƙasa mai kula da rabon sassan jiki don dashe: 'yan jihar, sai yankin, sai ƙasa baki ɗaya, sai 'yan asalin Indiya mazauna waje, baƙo a can ƙarshe. Ƙodar mamaci ba za ta iso kan ɗan Nijar ba.

Ta mai rai ma haka. Dokar dashen sassan jiki ta 1994, wadda aka gyara a 2011, ta hana ɗan Indiya ba wa baƙo ƙoda sai in ɗan'uwansa ne na kusa. Cinikin sashen jiki hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar rupi (kuɗin Indiya) miliyan 2 zuwa 10, kuma yana hawa kan mai saye da dillali duka. Ta fuskar addininmu ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta kyautar sashen jiki da sharuɗɗa, ta haramta sayarwa. Duk dillalin da ya ce maka "zo kawai, akwai hanya", ka rabu da shi nan take.

Ke nan mai ba ka ƙoda daga gida za ka tafi da shi, kuma a nan ne hidimar ta fi rauni. Na kusa a doka su ne uwa, uba, ɗa, 'ya, wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, miji ko mata, kaka da jika, kuma ya kai shekara 18. Ɗan baffa, ɗan gwaggo, ɗan kawu, suruki, duk ba sa ciki, kuma samun izini da su abu ne mai wuya ƙwarai. Kowane baƙo sai ya gurfana gaban kwamitin ba da izini, ana ɗaukar hirar a bidiyo, ana tambayar kowa shi kaɗai. Ana buƙatar fom mai lamba 21, shaidar dangantaka da babban jami'in ofishin jakadancin Nijar a Delhi zai sa wa hannu, ga kuma gwajin jini na tabbatar da nasaba. Takardunmu da Faransanci suke, sai an fassara su zuwa Turanci an buga musu hatimi. Abin da ke yawan ɓata lokaci ƙanana ne: sunan mahaifi Mahamadou a fasfon wannan, Mamane a na wancan, takardar haihuwar da kotu ta yi bayan mutum ya girma, shekarun ba su dace da na ƙanensa ba, auren da aka ɗaura a masallaci ba a taɓa rubuta shi a ofishin magajin gari ba. 'Yan uba kuwa gwajin nasabarsu ba ya fitowa da ƙarfi kamar na 'yan ɗaki ɗaya, ana iya neman jinin mahaifin. Kowane kuskure makonni ne na kuɗin masauki da wanki a can, waɗanda ba sa cikin farashin da aka faɗa maka. Kafin sayen tikiti a gwada rukunin jinin mutum biyun, hawan jini, sukari, ƙanjamau, ciwon hanta iri B da C, da aikin ƙodar mai bayarwa. Waɗannan ana yin su a gida, kuma gara a tanadi mai bayarwa na biyu.

Akwai maganar da babu dillalin da ke son tayarwa: in rai ya yi halinsa a can fa? Mutane na tsoron za a ƙona musu gawa. Asibiti ba ya ƙona gawar kowa, dangi yake miƙa wa. Haɗarin yana ga gawar da ba mai karɓa, domin wannan hukuma ce ke ɗauke ta bayan 'yan kwanaki. Saboda haka kar majinyaci ya tafi da mai ba shi ƙoda kaɗai, tunda su biyun za su kwanta lokaci guda. A samu na uku mai ƙafa a ƙasa.

Zaɓi biyu ne. Dawo da gawa na buƙatar takardar mutuwa, shaidar an sa mata maganin hana ruɓewa, takardar amincewar ofishin jakadanci, soke fasfo, akwatin da aka rufe da ƙarfe, sannan jirgin kaya ta Addis Ababa zuwa Yamai, sai kusan kilomita 900 a mota zuwa Damagaram. Yakan ci kwanaki da kuɗi mai yawa. Binnewa a can ya fi sauƙi kuma ya fi dacewa da gaggauta sutura. Musulmi kashi 14 cikin ɗari ne na Indiya a ƙidayar 2011, a Delhi akwai babbar maƙabartarsu kusa da Delhi Gate, akwai masu wanka da limamai. A yanke wannan shawara tun a gida, gaban iyaye da mata, a rubuta ta. A tambayi dillali a fili wa zai tsaya kan takardun, da nawa. Yadda ya amsa zai nuna maka irin mutumin da kake hulɗa da shi.

Ranar da aka sauka gida hidimarsu ta ƙare, jinyar kuwa a nan take farawa. Magungunan hana jiki ƙin ƙodar, tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, har ƙarshen rayuwa ake sha. Tacrolimus galibi duk awa 12 ne ba fashi, kuma ana auna yawansa a jini da safe kafin a sha. Tun kafin tafiya ka zauna da likitan ƙoda na nan ku san inda za a riƙa wannan awon da inda maganin zai riƙa fitowa, ka kuma taho da na wata shida aƙalla, a adana shi nesa da zafi. Diclofenac da ibuprofen na masu tebur a kasuwar Dole suna lalata ƙoda, haka jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin tacrolimus har jiki ya ƙi ƙodar, don haka duk likitan da zai rubuta maka magani ka gaya masa an yi maka dashe. Da bazara gudawar yini ɗaya ta isa ta taɓa sabuwar ƙoda, a je asibiti a ranar. Azumi kuwa a shekarar farko likitoci kan hana, bayan nan ma sai da izininsu.