Sirdin Vespa da aka ɗinka mini a Katsina, da abin da ya same ni a Kazaure

Masu Vespa da ke cin dogon zango da ita sun san inda gizo ke saƙa. Inji in kana kula da shi ba ya ba ka kunya. Taya ta yi faci, ka kwance safaya daga ɓangaren hagu ka ɗaura, ka ci gaba da tafiyarka. Amma in sirdi ya mutu babu dabarar da za ta fisshe ka a hanya, sai dai ka yi ta muskutawa har ka isa. Mutane da dama sun tare ni a Daura suna tambayar inda aka sake mini nawa, ni kuwa amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tawa PX 150 ce, cikin jerin PX ɗin nan da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977. Aiki da zumunci suna kai ni Katsina a kai a kai, tafiyar wajen kilomita 80 ta Shargalle da Mashi. Wanda bai saba da ita ba ba zai gane abin da ya sa muke damuwa da sirdi haka ba. A kan babur irin na 'yan acaɓa akwai tanki tsakanin gwiwoyinka da za ka matse, kuma in ka hango rami kana iya ɗan miƙewa a kan matakan ƙafa. A Vespa kuwa a miƙe kake zaune, tafin ƙafa a shimfiɗe, nauyinka kaf a kan mazaunai. Ga tayoyi ƙanana, inci 10, ramin da babbar taya za ta tsallake ita sai ta faɗa cikinsa, shokozoba kuma guda ɗaya ce a baya. Abin da ya rage na dukan hanya sirdi ne ke shanye shi. In bai shanye ba, ƙugunka ne zai shanye.

Na asalin ya yi iya yinsa. Soso ya lotse, wasu daga cikin sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa sun tsinke, kafin in kai Mashi ƙarfe nake ji tsirara. Na gwada irin na kasuwar nan da ake shigowa da su a cikin leda, kun dai san su kun san kuɗinsu. Laushi a shago ba a magana, amma kafin Shargalle ya nutse har ƙasa, ga shi siriri, gefunansa suna yankar cinya. Araha ba ta ado.

Wani abokina ne ya kai ni wurin dattijon nan mai ɗinkin kujerun mota da na babura a cikin garin Katsina. Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi sirdin ya ce in dawo jibi ba. Cewa ya yi in hau. "Alhaji, zauna yadda kake zama in tafiya ta yi nisa, ka saki jikinka." Na zauna, ya sa alli ya zana inda ƙasusuwan mazaunaina suka sauka, ya duba inda cinyata ke gogar gefe, ya sa na sauke ƙafa ƙasa ya ga tsawona. Da na ce ina son mai laushi sosai sai ya girgiza kai, ya ce, "Soso mai laushi na falo ne, Alhaji. Na hanya sai mai tauri."

Ya kwance komai har ƙarfe, ya aika aka yi wa inda ya tsage walda, ya sake sifirin. A ƙasa ya shimfiɗa soson nan mai nauyi da ake matsewa daga gutsattsari, mai launi-launi, kaurin yatsu uku, ya ɗora mai laushi siriri a sama. Ya sa wuƙa ya ɗan rarake inda ya zana da alli, ya faɗaɗa tsakiya, ya bar hancin a tsuke don ƙafa ta riƙa kai ƙasa a wurin tsayawa. Maɗaurin nan da ke gicciye a tsakiyar sirdi, wanda na baya ke riƙewa, ya matsar da shi baya. Ni na san azabar maɗaurin nan, shi ke hana mutum ja da baya in ya gaji da zama wuri ɗaya. Leda kuma na zaɓi ruwan ƙasa mai ɗan kaushi, don baƙa in ta sha ranar Daura ba ta zaunuwa, mai santsi kuwa shadda ba ta tsayawa a kanta.

Ranar da na karɓa raina ya ɓaci. Ina zama na ji kamar a kan kifaffen turmi nake. Ga kuɗin da na zuba, kun san yadda soso ya yi tashin gwauron zabo. Kuma wajen buɗe sirdin sai da ya danna bayansa da gwiwa kafin makulli ya saki. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce sabunta ce, in ya sha zama zai saki.

To a hanyar komawa ne na sha mamaki. Na wuce Mashi ban muskuta ba. Na wuce Shargalle ban tsaya na miƙe ƙafa ba, abin da ya zame mini dole shekara da shekaru. Na sauka a ƙofar gida ƙuguna lafiya lau, babu tsamin cinya, babu zugin nan da ke hawa gadon baya har wuya. Taurin da na raina shi ne ya riƙe ni, bai bar ni na nutse na tarar da ƙarfe ba. A daren na kira abokina na yi masa godiya, na ce wannan dattijo ya san aikinsa, duk mai Vespa a Daura sai na tura shi can. Har zuciyata na faɗa.

Sai ga ɗaurin auren ɗan yayana a Kano. Daga Daura tafiyar ta haura kilomita 120, ta Sandamu, Kazaure da Dambatta. A da mota zan shiga, amma da sabon sirdi na ce da abata zan je. Na fita bayan asuba, da lissafin in sha mai a Kazaure in isa da sauran lokaci. Tafiya ta yi daɗi, iska mai sanyi, jiki a sake. Dab da shiga garin ta fara shaƙewa, na mayar da ita rizab, wato ɗan man ajiya da ke saura a tanki, na shiga gidan mai.

Ga wanda bai sani ba, tankin Vespa a ƙarƙashin sirdi yake, mai cin wajen lita 8. Sai ka buɗe makullin baya ka ɗaga sirdin kafin ka ga murfin. Tawa kuma da hannu ake haɗa mata baƙin mai, kashi 2 cikin 100, wato mililita 100 ga kowace lita 5. In sirdi bai buɗe ba, ko digo ba zai shiga ba.

Na murɗa makulli, ya juya, sirdi ya ƙi tashi. Na danna da gwiwa yadda na ga ya yi, shiru. Na jijjiga, na ja, na sake dannawa. Yaron da ke zuba mai yana tsaye da tiyo a hannu, babura sun yi layi a bayana suna ta oda. Ya ce, "Baba, don Allah ɗan matsa gefe in sallami waɗannan." Na tura ta gefe cikin babbar riga sabuwa fil, wadda na ɗinka musamman don ranar. Wasu 'yan acaɓa biyu, Allah ya saka musu da alheri, suka zo, ɗaya ya hau ya danne da nauyinsa, ɗaya yana murɗa makulli har na ji tsoron ya karye a ciki. Rana ta fara ɗagawa. Waya tana ta ƙara a aljihu, yayana yana tambayar ina na kai, liman ya kusa fitowa. Man da ya rage a rizab ba zai kai ni Kano ba, kuma ba zan bar Vespa ta a gidan man da ban san kowa ba in hau mota.

Haka na tura ta da ƙafa har wurin wani bakanike da ke bakin titi, shi ma sai da aka jira ya buɗe rumfa. Ya kwanta a ƙasa yana leƙe da fitilar waya, ya ce babu hanya sai ya zura doguwar sukudireba ta ƙarƙashi ya ture harshen makullin, kuma ledar za ta iya yagewa. Na ce ya yi. Ina ji ina gani ta yage, tsawon ɗan yatsa, daidai kusurwar baya. Da sirdin ya tashi ya kira ni in gani da idona. Ragowar ledar da ya kamata a yanke an naɗe ta an cusa a kewayen makullin, an malala gam a kai, gam ɗin ya bushe ya kama harshen. Waldar da aka yi kuma ta ɗan karkatar da ƙarfen, makullin yana cizon sandarsa a karkace. Zama a kai bai sa ya saki ba, ƙara cusa shi ya yi. Ya kankare gam ɗin da reza, ya ɗan buga ƙarfen ya daidaita.

Na isa Kano an riga an shafa fatiha, mutane suna watsewa. Yayana bai ce komai ba sai sannu da hanya, amma na ga fuskarsa. Angon nan a hannuna ya tashi. Hannun rigata kuma duk baƙin mai da gam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na nuna wa dattijon matsalar makullin tun a shago. Da bai gani ba da sauƙi. Mutumin da ya tsaya ya auna ƙashina da alli, ya kasa ɗaukar minti biyar ya duba makullin da in babu shi babur ɗin ba ya shan mai? Na koma na same shi. Bai yi gardama ba, ya ce yaronsa ne ya gama rufe ƙasan, ya ba ni haƙuri, ya gyara bai karɓi ko sisi ba. Na yaba da wannan. Sai dai facin da ya yi wa yagar da wata leda ce mai duhu, daga nesa ake hango ta.

Da damina ta sauka kuma wani abu ya sake fitowa. Don ado ya yi layukan ɗinki a saman sirdin, bai sa leda mara huji tsakanin soso da rufin ba. Ruwa yana bi ta hujin allura ya shige, soso mai nauyin nan kuma in ya sha ba ya saurin bushewa. Sama ta bushe ƙayau, ka hau da farin yadi, ka sauka a wurin aiki da jiƙaƙƙen wando. Yanzu kullum da buhun leda nake yawo a akwatin gaba, da na ga hadari in rufe. Wanda ya san soso haka ai ya san ruwa.

Maganar zama dai har gobe ban hau sirdin da ya kai shi ba. Ranar Kanon nan da duk ɓacin raina na dawo Daura da yamma jikina bai yi tsami ba, uwargida ma da na ɗauke ta zuwa Mai'aduwa ta ce bayan ya fi na da faɗi. Masu tambayata ina gaya musu su je, amma su ce ba sa son ɗinki a sama, a sa leda a ƙarƙashin rufi, kuma kada su biya cikon kuɗi sai sun buɗe sirdin sun rufe da hannunsu sau da yawa, ba tare da gwiwar kowa ba. Ni kuma ya yi mini alkawarin sake rufin gaba ɗaya in ledar ruwan ƙasa ta iso daga Kano. Na leƙa shagon makon jiya, ya ce ba ta zo ba tukuna.