Tura laka mai kauri a bututu: a hankali ko da gudu?

Laka mai kauri, irin ta wurin haƙar ma'adinai, ba ta motsi sai ƙarfin turi ya wuce wani mizani, halin da masanin kimiyya Eugene Bingham ya bayyana tun 1916. In aka tura ta a hankali, gefe kaɗai ke zamewa, tsakiya kuwa ta tafi a dunƙule kamar man goge baki. Injin da ke tura ta ba ya shan wuta sosai, amma yashi mai nauyi yakan kwanta har ya toshe hanya.

In aka ƙara gudu har lakar ta hautsine, dunƙulen yakan farfashe, yashin ya taso. Sai dai kaurin yana jinkirta hautsinewar, ga kuɗin wuta, ga zaizayar bututu. Duk da haka, in tafiyar da nisa, na fi amincewa da gudun.