Tsohon Office ko LibreOffice a ɗakin bincike?

Malam, ka tambaya ko ku bar tsohon Office ɗin da ke kwamfutocin ɗakin bincikenku a Samaru ku koma LibreOffice, wata manhajar rubutu da lissafi mai aiki irin na Office. Na yi aiki da duka biyun.

Tsufan Office ɗin ne ya fi damuna. Yawancin kwamfutocin da nake gani a ofisoshinmu Office 2007 ko 2010 ne a kansu. Microsoft ta daina toshe ɓarakar tsaron na 2010 tun Oktoba 2020, na 2016 da 2019 ma ta janye hannu a Oktoba 2025. Filashi ɗaya da ya zaga daga hannun ɗalibi zuwa shagon buga takardu ya dawo ɗauke da virus, ya isa ya salwantar da aikin shekara uku. LibreOffice kuwa kyauta ne halak malak, gidauniyar The Document Foundation ke riƙe da shi tun 2010, ana sabunta shi, kuma ba ya neman kuɗin wata.

Inda Word ya fi LibreOffice shi ne aikin da hannu da yawa ke ciki. Malamin da ke duba kundi da Word yake gyara, mujallu ma galibi docx, wato fayil ɗin Word, suke nema. Writer, wato takwaran Word a LibreOffice, yana buɗe docx, amma tebur mai sarƙaƙiya da lambobin shafi sukan goce. Ɗalibin da ya kai babi na huɗu, don Allah a bar shi ya ƙarasa da abin da ya fara. Zotero dai, manhajar tsara manazarta, yana aiki da kowanne.

Wajen alƙaluma ne nake so masu binciken iri da dabbobi su lura. Excel yakan mayar da sunan ƙwayar gado (gene) irin SEPT1 ko MARCH1 kwanan wata ba tare da ya tambaye ka ba, har a 2020 sai da aka sake wa waɗannan ƙwayoyin na ɗan'adam suna. Calc kuwa, takwaran Excel a LibreOffice, da ka buɗe fayil ɗin CSV (bayanan tebur a rubutu zalla) zai tsaya ya tambaye ka yadda kake son a karanta kowane ginshiƙi. Sai dai in kuna da tsofaffin makro na Excel, wato umarnin da aka rubuta don ya riƙa maimaita wani aiki da kansa, ba duka za su yi aiki ba.

Da ni ne, sai in sa LibreOffice a duk kwamfutocin, in bar guda ɗaya da Word mai lasisi na gaskiya domin kwafin ƙarshe da za a kai wa malami.